Allurar da ta soki Yaya

Litinin, 3 ga Maris
Allura ta soki Yaya a juji. Ta cusa hannu cikin wata baƙar leda tana lalubo robobi, sai ji ta yi abu ya shige mata tafin hannu. Ta zare, ta tsotse jinin ta tofar, ta ɗaure da tsumma, ta ci gaba da tsinta har la'asar. Da ta biyo ta gidana tana ba ni labari har da dariyarta. "Ke ce mai aikin asibiti, amma ni aka yi wa allura kyauta."
Na taya ta dariya. Allah ya yafe mini.

Talata, 4 ga Maris
Ranar Juma'a kwalin da muke zuba allurai ya cika, babu sabo a sito. Sista ta ce ni ce mai shara, in san yadda zan yi. Na juye su a baƙar leda, na ɗora robobin ruwa a kai, na ƙulle. Sauri nake in kama mota. Kuma sharar asibitinmu can jujin ake kai ta.
Ba mu kaɗai ke da baƙar leda a garin nan ba. Sau nawa na faɗa wa kaina haka yau.

Alhamis, 6 ga Maris
Hannun ya yi suntum, ko ƙugiyar da take tonon shara da ita ba ta iya riƙewa. Duk da haka ta fita, wai in ta yi fashi wata za ta gaje mata wuri a bakin inda motocin shara ke juyewa. Ga tarin nan na hayaƙi da ya ƙi sakinta tun bara.

Asabar, 8 ga Maris
Zazzaɓi. Na kai ta asibitinmu, ta ƙofar baya. An matse mugunya, an yi mata riga-kafi, an ɗebi jini. Likita ya ce yanzu babu komai, amma sai an sake gwaji bayan wata uku kafin a tabbatar, don ba a san jikin wanda allurar ta fito ba.
Sista ta tambaye ni wace ce. Na ce maƙwabciyarmu.
Matar da ta goye ni bayan rasuwar Inna. Da buhun tsintar nan nata ta kai ni makaranta. Tana zaune tana ji, sai ta gyara mayafi ta ce, "Eh, muna zaman lafiya da ita."

Lahadi, 9 ga Maris
Na kasa cin abinci.

Laraba, 12 ga Maris
Na faɗa mata. Ina wanke mata ciwon, kaina a ƙasa, na kwashe komai na gaya mata. Sai ta ce, "Ai mun san ledojin asibiti. Rububinsu muke yi, robobinsu sun fi tsabta." Sannan, "Ɗaure mini da kyau, ƙanwata, kin sassauta."
Da ma zagina ta yi.

Lahadi, 16 ga Maris
Na je jujin. Shekara goma sha ɗaya rabona da shi. Kawai don in riƙe mata wurinta ne kafin ta warke, ba wani abu ba. Wari ya sa na yi amai sau biyu, matan suna yi mini tsiya wai 'yar gayu ta zo. Ni kuwa hannuwansu nake kallo. Babu mai lafiyayyen yatsa. Wata tsohuwa ta nuna mini yankan kwalba da ta ɗinke da kanta, da zaren buhu. Na wanke mata, na wanke wa wasu huɗu, har audugar da na zo da ita ta ƙare.
Na ce musu gobe zan leƙo in na tashi daga aiki, tunda a kan hanyata suke.
Mota biyu zan hau kafin in isa can.