Ba Zan Zo Bikin Sabuwar Shekara Ba

Yaya Lanfen,

Gaisuwa daga Osaka. Ina fatan ƙafar Baba ta yi sauƙi, yara kuma suna karatu. Ni lafiya lau nake, sai dai ba zan zo biki ba.

Injinan kamfaninmu, idan jama'a suka yi yawa, kowane layin sadarwa sai ya kama rabonsa na ƙwaƙwalwar na'ura ya riƙe, har ta cika ta fara zubar da saƙonni. A taro na miƙe na ce a rage wa kowane layi rabo da zarar ta fara cika. Ashe a nan sai ka bi manya ɗaya-ɗaya a gefe ka nemi amincewarsu kafin taro, ni kuwa ban yi ba.

Shugabanmu Kuwabara ya yi murmushi, ya kira ni da sunan gidanmu ya ce, "To Malam Mo, tunda ka fi masu digiri sani, aikin naka ne kai kaɗai."

Idan gyaran ya gaza, ba za su sabunta min kwantiragi ba. Kada ki gaya wa Baba. Ni na koya wa kaina wannan aiki, kuma ni zan gama shi. Aiko min da busasshen barkono, abincinsu ba yaji.

Ƙaninki,
Jianfu