Waƙar Tsohuwar Hawai

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
Tambaya ɗaya na yi wa Baban Ummi: zai zo Babbar Sallah ko ba zai zo ba? Sai ya turo mani waƙa. Wata tsohuwa ke rerawa da harshen mutanen Hawai, tana kaɗa wani abu kamar gurmi. Shekara biyu mijina yana can Hawai, tsakiyar teku, yana karatun gwaza. Gwaza fa! Wadda ake tallarta a tashar Ƙaura.

Laraba, 5 ga Yuni
Ya kira. Wai tsohuwar ce mai gidan da yake haya. Kakarta ta tsara waƙar lokacin da mijinta ya tafi kiwon shanu wani tsibiri ya daɗe. Na ce to mi take cewa? Wai yayyafi na sauka bisa dutse, fure ya jiƙe, iska ta kawo ƙamshi. Na ce, "Hasashen yanayi na tambaye ka?" Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Juma'a, 7 ga Yuni
Ba zai zo ba. An ƙara mashi shekara. Sai da na matsa ya iya faɗi.

Asabar, 8 ga Yuni
Na gaya wa Inna, uwarshi, bayan Sallah zan tafi gidanmu Zurmi da Ummi. Ban ce ga ranar dawowa ba. Ta daɗe tana tsince shinkafa, sannan ta ce, "Rekiya, hanyar nan ba ta da kyau yanzu." Kamar hanya muke magana.

Talata, 11 ga Yuni
Ya sake kira, da bayanin da ban roƙa ba. Wai a irin waƙoƙinsu na da, sau da yawa ba a kiran sunan wanda ake so. Kowane yanki da sunan ruwan samanshi. Sai mace ta ambaci ruwan garin mijinta: jama'a su ji ruwa, shi ya ji sunanshi. Furen kuma ita ce.
Na ce makiyayin ya dawo? Ya ce makiyayin ya ji wani abokin kiwo yana rerawa, ya gane ruwan garinsu, ya nemi jirgi.
Na ce, "To ai ka juya ta. Wadda aka bari gida ke waƙa, wanda ya tafi ke dawowa."
Ya ce, "Na sani. Ban da wata waƙar ne."
Haushi. Na kashe wayar, na ƙona miya.

Lahadi, 16 ga Yuni
Sallah. Ummi ta ƙi cire takalmin da ya aiko, har barcin rana. Shi kuwa bayan Idi ya koma ɗaki, tsohuwar ta kai mashi kifi. Ko nama babu. Shi ya so.

Laraba, 19 ga Yuni
Motar Zurmi ta tafi ba mu. Ummi na ɗan mura.
Wai akwai baitin ƙarshe da tsohuwar ba ta rera ba, inda ake faɗin don wa aka yi waƙar. Na ce ya je ya ɗauko mani, kuma da muryarshi, ta tsohuwar na rawa. Ba wani abu ba. Ban son abu rabi-rabi ne.