Wadda Ka Gani Ranar Talata

Zuwa gare ka Wumbei, inuwar kaɗanyata a tsakiyar rani, ruwan randata, sanyin da ke biyo bayan ruwan farko! Gaisuwa daga zuciyar da ka bari a tsaye a bakin ƙofa.

Ka tuna yammacin Juma'ar da ka ɗauke ni a babur muka bi hanyar Savelugu, muka zauna gindin kuka muna cin wasawasa a ganye ɗaya? Ka ƙura mini ido ka ce, "Ke Tiyumba, anya kin iya fushi kuwa? Ko sauro ya cije ki sai kin ce masa sannu da aiki." Na yi dariya har na ƙware. Na ce maka Baba ba lafiya, ɓarin jikinsa ya shanye, ni kaɗai ke jinyarsa. Ka ce Allah ya sauwaƙe, ka koma yabon idanuna.

Sai ga ka ranar Talata da hantsi, ba sallama ta waya, da ƙwan zabi a leda. Ka tarar da ni da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, Baba ya ɓata shimfiɗa, ya watsa mini koko a fuska, yana zagina da sunan mahaifiyata da ke kabari. Na daka masa tsawar da ta tashi kajin maƙwabta. Ina juyowa na gan ka. Wayyo, wannan kallo! Ka ajiye ledar a hankali kamar mai gudun tada maciji, ka juya. Tun ranar wayata ta zama dutse. Yayarka Sanatu ta tare ni a kasuwar Aboabo ta ce, "Ƙanwata, ki yi haƙuri, ya ce ba ke ce wadda ya sani ba."

To wace ce ka sani, hasken idona? Mai turare da lalle ta ranar Juma'a? Ita ma ni ce, amma awa biyu take rayuwa a mako. Sauran kwanakin na waccan ne, mai gajiya, mai tsawa, wadda bayan ka tafi ta durƙusa ta wanke tsohonta tas tana kuka tana roƙonsa gafara. Wace kaɗanya ce ke ba da mai ba a dafa 'ya'yanta an daka ba? Wane kogi ne ba ya laka a bakinsa?

Ni kuwa na gan ka sarai. Na ga yadda kake kumbura in an ƙi maganarka, na ga rawar da muryarka ke yi a gaban Sanatu, na san rigunan da kake ɗinkawa ba za su gina mana bene ba. Da idona biyu na zaɓe ka, kuma ban fasa ba.

Ka dawo, ruhina, ko don ka faɗa mini da bakinka. Ba zan yi maka alkawarin zama wata a sararin sama ba. Alkawarina tuwo mai zafi, gaskiya, da hannun da ba ya sakin wanda ya faɗi. Duk gidan da zan shiga, da Baba zan shiga. Ranar da jikinka ya gaza, haka zan riƙe ka, wataƙila har da tsawar.

Zan ajiye alƙalami, ga Baba can yana kira.

Taka da zaƙinta da ɗacinta, ko ka zo ko ba ka zo ba, har ƙasa ta rufe mini ido,

Tiyumba