Faifan Da Na Tono A Gindin Lemo

Rosario, 1984

Anselmo, sanyin idona, ruwan farkon damina a busasshiyar zuciyata, inuwata a ranar da gari ya ɗau zafi,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda jira ya gajiyar, amma ta kasa dainawa. Sojoji sun sauka daga mulki, waɗanda suka tsere suna ta dawowa, kai kaɗai ka lafe can kudu inda iska ke yankan fuska, kana kiwon tumakin wani. Me na yi maka? Kogin Paraná yakan cika ya janye, ni kuwa kewarka tun da ta yi ambaliya ba ta janye ba.

Jiya da hantsi na tono faifan waƙoƙin ƙungiyarku, wanda na naɗe a leda na binne a gindin lemon tsakar gidanmu ranar da aka haramta shi, aka shiga kama duk wanda aka samu da shi. Danshi ya cinye kwalin, gefensa ya ɗan lanƙwashe. Na sa shi a garmaho, na ɗora allura. Sai jitarka ta tsage ɗakin kamar tsawa, gangunan Lisandro na bin ta a guje, sannan muryarka, muryar nan mai kaushi da zaƙi, tana tambayar janar-janar ina suka kai 'ya'yan mutane. Wayyo, Anselmo! A ƙasa na zauna har allura ta kai ƙarshe.

Ka tuna ranar da kuka kaɗa waƙoƙin nan a ƙofar mayanka, ma'aikata na yajin aiki? Ina raba takardun zanga-zanga ka sauko sharkaf da gumi, ka fizge ƙoƙon shayin mate daga hannuna, ka kurɓa, ka ce yarinya mai ɗaci irin na shayin nan ita za ka aura. Na ce ka fara koyon taje kai tukuna. Dariyarka ta ranar har yau ban ji irinta a bakin kowa ba.

Ƙanwarka ta faɗa mini abin da sojoji suka yi wa yatsunka lokacin da suka tsare ka, ta ce ba ka so in ga hannunka. Ashe kana tsammani yatsu na so? Wa ya taɓa gudun itacen da ya rene shi don guguwa ta karya masa reshe? Kawo hannun nan yadda yake, in ɗora shi a kumatuna.

Ba ni kaɗai ke jiranka ba. Doña Herminia, mahaifiyar Lisandro, har yanzu tana zagaya dandali da hotonsa a ƙirji, tun da sojoji suka tafi da shi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. An fara sauraron shaidu a kan waɗanda aka ɓatar, kai ne kuma na ƙarshe da ya gan shi da rai a inda aka tsare ku. Ba ta ce in roƙe ka ba. Ta dai riƙe hannuna ta ce in tambaye ka ko an ba ɗanta bargo a can, don tun yana yaro ba ya jure sanyi. 

Ka dawo, rabin raina. Ba sai ka sake taɓa jita ba, ba sai ka rera komai ba. Ka zo ka faɗi abin da ka gani. In ka tsaya gaban masu sauraron shaidu abin ya yi maka nauyi, ka waiwaya, ina zaune dab da kai, kuma ba zan tashi ba sai ka tashi.

Taka, jiya da yau, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Griselda