Agogon Amurka

Briqueterie, Yaoundé
20 ga Oktoba

Yaya Ƙasimu,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da sanyin Kanada da babbar motar da kake tuƙawa. Mu nan sai ruwan sama.

Saƙon murya ba ka buɗewa, shi ya sa na koma takarda, in ɗauki hotonta in turo. Wataƙila ka ji kunyar rubutun ƙanwarka.

Na shiga gwajin kamfanin nan da ka nuna mini kafin ka tafi. Wata guda zan yi ina ciniki a kasuwar Amurka. In na wuce su ba ni jari, in asarar rana ɗaya ta haura iyakarsu su rufe. Na yi wa Kawu Baballe bayani cewa alkawarin farashin gaba ake saye a sayar, ya ce shi bai taɓa ganin cinikin biri a sama ya ciyar da kowa ba. Ya ba ni watan nan kawai. In ban wuce ba, ɗakin ɗinkin Baba zai ba wani mai soya, wato mai gasa nama, haya, ni kuma in koma Ngaoundéré wurin Gwaggo Jaratu. Ka san a ɗakin nan aka haife mu, kuma shi kaɗai ya rage mini.

Ga tambayata. Kai ka saita grafik ɗin, zanen da ke nuna hawa da saukar farashi, ya ɓoye cinikin da ake yi cikin dare, ya riƙa farawa da biyu da rabi na rana. To kullum aka buɗe sai in tarar da giɓi tsakanin inda farashi ya kwana da inda ya tashi. Ka ce in ja layi a farashin rufewar jiya, in jira hargitsin buɗewa ya lafa, sannan in bi shi in ya juyo zai cike giɓin. Jiya bai juyo ba, ya yi gaba abinsa. In buɗe na daren ne in riƙa gani, ko zai rikita ni?

Ka gaida abokan zamanka.

Ƙanwarka,
Najiba

29 ga Oktoba

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya aiki, yaya jiki? Na ga alamar ka buɗe hoton waccan takardar. Na gode da wannan ma.

Da ba ka amsa ba sai na yi wa kaina dabara. Da safe nakan leƙa na daren a waya, in ga ƙololuwarsa da ƙasansa, in ja layi biyu a kwamfuta, in bar sauran yadda ka saita. In aka buɗe a tsakanin layukan, giɓin yakan cike. In aka buɗe a wajensu, nakan naɗe hannu in yi kallo. Da haka na ci rabin hanya, kuma ba wanda zan gaya wa.

Na gwada gaya wa Salwa, mai ɗinkin da ke jikinmu, ta ce in dai ba zane ake yankawa ba ita ba ta gani. Ta yi gaskiyarta. Da yamma hayaƙin nama ya cika layin, 'yan taksi na ta kiran masu zuwa kasuwar Mokolo, kowa da abokin hirarsa, ni ina zaune gaban keken ɗinkin Baba da na mayar teburi. Wallahi Yaya kewa na damuna. Da can kana zaune nan kana zagina in na yi gaggawa, ina jin haushi. Yanzu zagin ma nema nake.

Kawu ya zo da mai soyan ya auna ƙofa. Na ba su shayi.

Taka,
Najiba

6 ga Nuwamba

Yaya Ƙasimu,

Ina gaisuwa. Allah ya sa wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ni jikina lafiya.

Sun rufe gwajin ranar Litinin.

Biyu da rabi grafik ya fara kamar kullum. Na ga ƙaramin giɓi a tsakanin layukana, kasuwar kuma shiru kamar makaranta ranar hutu. Na ce yau an tashi da sanyin jiki. Na jira yadda ka koya mini, na ga babu hargitsi, na shiga, har na ƙara yawan abin da na zuba tunda saura ƙiris in wuce. Aka kira la'asar. A wannan lokacin kasuwa takan yi barci, don haka na bar cinikin a buɗe na tafi alwala.

Ina sallame salla na tarar da jan kyandir guda, alamar faɗuwar farashi, ya keta layukana duka biyu. Ashe lokacin ne aka buɗe kasuwar. Abin da na zauna ina kallo tun ɗazu wutsiyar cinikin dare ce. Amurkawa sun mayar da agogonsu baya da awa ɗaya ranar Lahadi, grafik ɗin kuwa da agogon Yaoundé ka ɗaure shi. Mu da ba mu taɓa taɓa agogo ba tun da aka haife mu, ina zan sani? Rashin sani ya fi dare duhu.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Kawu bai yi mini dariya ba, har kuɗin jirgin ƙasa shi ya biya. Asabar zan tafi. Keken Baba na bar wa Salwa ajiya, kwamfutar zan riƙe, ko a can zan sake gwadawa in Gwaggo na da wuta.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Da na bincika sai na ga Kanada ma ranar suka canza. Ke nan ran Lahadin nan ka tashi, ka ga agogonka ya koma baya, ka san abin da hakan ke yi wa kasuwa, ka san ƙanwarka na zaune a ɗakin nan da saitin da ka bar mata. Ban nemi kuɗinka ba, Yaya, ban ce ka dawo ba. Layi ɗaya ya ishe ni.

In ka tashi amsawa, kada ka aiko ta hannun Kawu. Ɗakin ba namu ba ne daga Asabar.

Ƙanwarka,
Najiba