Haushin Otis da Gidan Tsuntsun Ƙarya

Zuwa ga Yayata Colleen,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mai gidanki Russ. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan taki, ya kuma ba ku juriyar sanyin Fairbanks, tunda kun rantse ba za ku dawo cikin mutane ba. Mu nan Wisconsin kalau muke. Tumatirina ya yi kyau bana, 'yarmu Dana ta samu aiki a asibitin Madison, kuma an gama rufin coci bayan shekara uku ana taro a kansa. Labarin daɗin ke nan, ya ƙare. Sauran kuwa sai ki gyara zama, don na cika har wuya, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Kin tuna Duane Lindqvist, maƙwabcinmu na hannun hagu, wanda matarsa Joyce ta rasu bara? Ta bar masa karenta Otis, ɗan gajeren nan mai dogayen kunnuwa. Tun watan Afrilu da Duane ya koma aiki a shagon kayan gini, da ya ja ƙofa ƙarfe bakwai da rabi Otis zai hau haushi, ba zai sauka ba sai ya ji motar mai gidansa da yamma. Ba haushi irin na karnukan kirki ba, wani jan murya yake yi kamar ana yi masa yankan rago. Ke kuma kin san mai gidana Vern da safe yake dawowa daga tuƙin tankar madara, barcinsa daga takwas zuwa biyu ne, kuma tagar ɗakinmu tana kallon bayan gidan Duane. Mun gwada toshe kunne da auduga, mun gwada fanka, mun gwada kwana a falo. A watan Yuni barci ya fizge shi a kan hanya, tanka ta gogi ƙarfen gefen titi. Allah ya tsare ba wanda ya ji ciwo, amma manajansu ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa in aka sake, ya ajiye makulli. Shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya, Yaya. Kullum ya fita sai in kama addu'a har ya dawo.

Na san abin da za ki ce: me ya hana in je in gaya wa Duane? Haba Yaya, kamar ba a garin nan aka haife ki ba! Mu da mutum zai taka mana ƙafa mu ce masa ya yi haƙuri. Na je fa. Na gasa kek ɗin tuffa na kai masa ranar Asabar, muka zauna a baranda muna shan kofi, Otis yana kwance a ƙafarsa shiru kamar bai taɓa sanin yadda ake buɗe baki ba, munafuki. Minti arba'in muna maganar ruwan sama da farashin taki. Da na tashi tafiya na daure na ce lallai Otis yana da murya. Sai bawan Allah ya washe baki, wai ai haka Joyce take cewa, wai jinin mafarauta ne. Ya ɗauka yabo nake yi! Na dawo gida Vern ya tambaye ni yadda aka yi, na ce an fara magana. Ya ce in dai irin fara maganata ce, sai ya yi ritaya ba a kai tsakiya ba. Na ce to ga ƙofa nan, shi ya je mana, tunda shi ne jarumi. Ya ce ai shi bai iya kek ba.

Daga nan na yi abin da nake jin kunyar rubutawa. Na buga takarda ba suna, na sa hannun “wani maƙwabci”, na jefa a akwatin wasiƙunsa. Washegari sai ga Duane a ƙofata da takardar a hannu, fuska a murtuke. Wai in karanta in ji rashin mutunci, karensa da ko tari ba ya yi. Wai ko ina ganin matar nan ce ta ƙarshen layi da ta tare bara. Yaya, na karanta takardata da kaina, na girgiza kai, na ce lallai mutanen yanzu ba su da ta ido. Allah ya yafe mini.

Sai na koma ga na'ura. Akwai wata da ake sayarwa, an yi ta da siffar gidan tsuntsu don kada maƙwabci ya gane. Da ta ji haushi sai ta saki wani siririn ƙara da kare kaɗai ke ji, wai ya dame shi ya yi shiru. Na rataye ta a shinge ina jin na gama da Otis. Kwana biyu ya yi shiru, har na fara yabon masu ilimi. Rana ta uku ya gane daga ina abin ke fitowa, ya zo ya tsaya a gabanta yana yi mata haushi ita kanta, daga safe har la'asar. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Kuma na'urar ba ta san mai laifi ba, ko injin yankan ciyawa ya wuce sai ta tashi. Tsohuwar karyarmu Pearl, wadda ba ta taɓa damun kowa ba, ita ta sha azabar. Ta daina fita bayan gida, tana rawar jiki, ta fara yi mini fitsari a kan kafet. Sai da likitan dabbobi ya tambaye ni ko na sa wani sabon abu a gida na gane ni ce na jawo mata. Kafin in sauke shegiyar na'urar, Duane ya miƙo mini jakar abincin tsuntsu ta saman shinge, wai ya ga na yi sabon gida amma har yanzu babu baƙi. Na karɓa, na yi godiya.

Makon jiya Vern ya dawo idanunsa jawur, ya zauna cire takalmi barci ya ɗauke shi a kan kujera da ƙafa ɗaya a ciki. Ina ganin haka na ɗauki waya na kira ofishin kula da dabbobi na gari, na ce kada a ambaci sunana. Jami'i ya zo, ya tsaya a titi ya ji haushin da kunnensa, ya manna takardar gargaɗi a ƙofa cewa in aka sake kai ƙara, sai kotu. Ni a tunanina Duane zai nemi dabara ne kawai.

Jiya da yamma ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da rabin buhun abincin kare a kafaɗa, wai a ba Pearl. Ya kai Otis gonar wani ɗan'uwansa a Dakota, tafiyar awa bakwai, ya bar masa shi. Ya ce jami'in ya tabbatar masa gaskiya ne, ashe wata biyar yana cutar mutane bai sani ba, kuma bai san wa zai ba haƙuri ba, bai san wane lokaci ne ya fi damun mutum ba balle ya gyara. Ya ce tun farkon komawarsa aiki ya so ya roƙe ni in riƙa ajiye Otis tare da Pearl da safe, don ya san ba ya son kaɗaici, amma ya ga bai kamata ya ɗora mini nauyi ba. Da safe, Yaya! Abin da zan karɓa hannu bibbiyu! Sannan ya dube ni ya ce ya san dai ba mu ba ne, shekara goma sha tara muna tare, da ya dami Vern ai da na gaya masa. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, abin da ya fito shi ne kada ya damu, ba komai. Na karɓi buhun.

Yau Vern ya yi barcin awa shida cur, ya tashi yana fito. Aikinsa ya tsira, na gode wa Allah. Amma ina jin haushin na'urar, ina jin haushin Duane da zurfin cikinsa, ina jin haushin garin nan kaf, kuma na fi jin haushin kaina. Ɗazu na hango Duane ta taga ya dawo daga aiki, ya daɗe zaune a cikin mota kafin ya shiga gida.

Ki gaida Russ, ki gaida ɗanki Kyle da matarsa da jaririyarsu, da Gwaggo Bernice in kin yi waya da ita. Vern da Dana suna gaisuwa. Don Allah maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Duane ma yana gaishe ki, ya ce in tabbata na faɗa miki, wai 'yan gidanmu mutanen kirki ne.

Taki ƙanwa,
Rhonda