Ni ne tafintan da ya haɗiye rabin maganarsa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, jikata ce ke rubuta mini, ni idona ya gaji, zuciyar ma ta gaji.

Zamanin mulkin soja na farko ni ne tafinta a wata kotu a ƙasar Birnin Gwari, saboda ina jin Gbagyi. Aka kawo samari biyu da buhun wiwi daga bakin daji wajen Kutemeshi, ɗaya ɗan wani Alhaji mai motocin katako, ɗayan manomi ne ɗan Gbagyi, bari in kira shi Ɗanjuma, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Lokacin doka ta yi zafi, ƙulli ɗaya ma shekaru ne. Ɗanjuma ya ce dako aka ba shi, aka ce masa ganyen magani ne, ya nuna ɗan Alhaji. Na ɗaga kai na ga Alhajin zaune yana kallona, shi ya samo mini aikin, kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. Na ce wa kotu ya amsa shi ya ɗauko buhun, na haɗiye sauran. Ɗan Alhaji ya kwana a gida, Ɗanjuma ya tafi shekara goma.

Bayan ya fito aka zo rajistar zaɓen komawa farar hula, ina kan tebur, sai ga Ɗanjuma ya zo. A wajenmu sai mai unguwa ya shaida mutum, mai unguwar kuwa sabo ne, ya ce bai san Ɗanjuma ba, kuma ba ya shaidar tsohon fursuna. Na san shi sarai, na sunkuyar da kai ina gyaran alƙalami har ya juya ba kati. Ɗan Alhajin a zaɓen nan har takara ya tsaya.

Abin da ke ci na shi ne, Ɗanjuma ya ɗauka na yi masa ƙoƙari, don a kotun ni kaɗai na yi masa magana da yarensa. Duk kaka sai ya aiko mini da doya, ina ci ina jin kunya.

Yanzu yana kwance a Damari, ɗansa ya zo jiya, ya ce Baba yana so in je ya gode mini a gaban jikokinsa. Matata ta ce in rufa wa kaina asiri, in bar bawan Allah ya tafi da farin cikinsa. Ni kuma tsoro nake ji, akwai ranar da za mu tsaya ni da shi, kuma can ba a neman tafinta.

Jama'a, in faɗa masa, ko in je in karɓi godiyar? Jibi zan hau mota.